Indararon da Na Toshe wa Wana

Lokacin da wannan abu ya faru shekaruna talatin da bakwai, ina da butik, wato shago, na kayan babur, wanda muke kira moto, a kasuwar Tasawa, su taya da sarƙa da buji, kuma ina ji da kaina kamar ni na kafa kasuwar. Ni ne auta a gidanmu, a wani ƙauye cikin ƙasar Korgom, kuma ni ne na fara fita na samo ɗan abin hannu. Duk Juma'ar da na je gida sai na bi da motona ta ƙofar masallaci, ko da yake hanyar gidanmu ba ta nan take ba, don dai a ga na shigo. Ina roƙon mai kula da wannan shafi ya sakaya sunana. Ba kaina nake karewa ba, 'ya'yan wana nake ji, waɗanda har yau suke kirana Baba, ba su san abin da zan faɗa ba.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Wana ya girme ni da shekara goma sha biyu, manomi ne, mai sanyin magana, kuma da geron da ya noma aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Da mahaifinmu ya rasu aka ja katanga aka raba gida biyu. Wana ya samu ɓangaren da tsohon soron Baba yake, ni na samu filin gabas. Soron nan na ƙasa ne, rufinsa azara da zana da ƙasa a sama, kuma wana yana lallaɓa shi kamar tsohon da ba ya son mura ta kama. Kowace bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, zai sa tsani ya hau, ya share rufin, ya bi duk wata tsaga ya cike ta da ƙasar da ya kwaɓa da ƙaiƙayi da kashin jaki, ya daddaɓe, sa'an nan ya zura sanda cikin indararo ya fitar da sheƙar tsuntsaye da yashi. Daga ƙarshe sai ya sa a miƙa masa bokitin ruwa ya sheƙa a tsakiya, ya tsaya yana kallon inda ruwan zai bi. Ni kuwa dariya nake yi masa, ina cewa mutane suna rufi da tol, wato kwanon rufi, shi yana wasa da taɓo.

Indararo biyu ne a soron. Ɗaya yana zuba a lungun yamma, ɗaya a gabas, wato cikin filina. Tun muna yara a nan yake zuba, ba wanda ya taɓa ganin aibinsa, har ranar da na gina ɗakina na bulo da siminti, na rufa tol, na sa aka shafa masa shuɗin fenti. Magina sun ce in matsa gaba kaɗan, na ƙi, don ina son tsakar gida mai faɗi. Daminar farko indararon wana ya riƙa sheƙo jan ruwa yana fantsama a bangona, kafin kaka shuɗin fentin nan ya koma kamar an yi wa bango lalle. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sake fenti, na kuma sa a raina cewa ba za a maimaita ba.

Na sami wana da maganar cikin bazara, yana bisa tsani da ƙwaryar ƙasa a hannu. Na ce ya juyar da indararonsa. Ya sauko ya yi mini bayani a hankali, cewa rufin an yi masa doro ne a tsakiya, rabin ruwa ya gangara gabas rabi yamma, kuma juya shi sai an kwashe ƙasar rufin gaba ɗaya an sake shimfiɗa ta, ga hadari ya kusa. Ya ce in yi haƙuri da wannan damina, bayan girbi zai kira gayya a yi. Ya ma ce kafin nan zai kafa tsohuwar randa a ƙarƙashi ta tare ruwan. Ni ban ji duk wannan ba. Abin da na ji kawai shi ne an ce mini a'a. Na faɗa masa maganar da har in mutu ba zan daina jin kunyarta ba, na ce baƙin ciki yake yi da ɗakina don shi bai iya gina irinsa ba. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya koma sama.

Bayan an yi shuka, wata Juma'a da hantsi, wana da iyalinsa suna gona, na kwaɓa ragowar simintin da ya rage mini, na sa tsani ta cikin gidana. Indararon bututu ne na kwano da maƙeri ya naɗe. Na cusa baƙar leda can ciki, na ɗura siminti, na tura da sanda yadda ba mai gani ko ta sama ko ta ƙasa. Na ce wa kaina ai ruwa ba wawa ba ne, in ya tarar da ƙofa ɗaya a rufe zai nemi ɗayar. Wallahi na san zancen doron nan, ba a yi wata biyu da yi mini bayaninsa ba, amma na zaɓi in manta. Matata tana tsaye da tsintsiya tana kallona. Ta ce in ji tsoron Allah in sauko, na ce mata in ta kuskura ta buɗe baki ta san sauran. Na wanke hannuna, na sa farar riga na tafi masallaci, har na tsaya sahu ɗaya da wana.

Ruwan farko-farko ba su da yawa, rana tana fitowa ta busar da abin da ya kwanta. Da aka shiga marka sai matata ta kira ni a wayar salula ina butik, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce matar Yaya ta ce soro ya fara yoyo ta gabas, har sun jera kwanoni. Na ce tsohon ɗaki ne, dama ya gaji. Bayan kwana biyu, ranar Litinin, ta sake kira. Ta ce Yaya ya hau sama jiya, ya sauko bai ce wa kowa komai ba, ga shi yau masassara ta kwantar da shi, kuma ya leƙo ta katanga ya ce ta gaya mini in zo, akwai abin da yake so mu duba tare a bisa soro, in taho da guduma da kurfi. Na gane sarai abin da yake nufi. Amma da na tuna zan tsaya gabansa in sunkuyar da kai, sai na ce ta gaya masa kaya sun iso mini daga Maraɗi, sai Juma'a. Babu wasu kaya da suka iso. Zaune nake ina shan shayi da 'yan kabu-kabu.

Ranar Alhamis ruwa ya tsinke tun da hantsi, bai ɗauke ba har bayan azahar. A Tasawa ma lunguna sun cika. Ina tsaye bakin butik ina kallon ruwa yana zuba daga tol ɗin maƙwabta, ina ta cewa gobe da asuba zan tafi. Wajen la'asar salula ta yi ƙara. Matata ce, kuka kawai na ji da salati. Ruwa ya taru a rabin rufin gabas ba shi da mafita, ƙasa ta sha ta yi nauyi, azara biyu suka karye. Matar wana ta fita madafa ke nan don ta dama masa kunu, yara kuma suna ɗakinta, shi kaɗai ne kwance a ciki. Da hannu da fartanya mutanen gari suka tono shi. Yana da rai, amma azara ta sauka a ƙugunsa.

A amalanken shanu aka fito da shi zuwa bakin hanya, don mota ba ta iya shiga taɓon. Daga Tasawa aka tura mu babbar likita, wato babban asibiti, a Maraɗi. Aka ɗauki hoton bayansa, aka kira ni gefe, aka ce ƙashin baya ya karye kuma laka ta taɓu, ƙafafun nan ba za su sake ɗaukarsa ba. Wata biyu na yi ina jinyarsa, ina juya shi, ina wanke shi, mutane suna sa mini albarka, suna cewa kowa Allah ya ba shi ƙane irina. Kowace albarka kamar an watsa mini ruwan zafi take. Shi kuwa ko sau ɗaya bai ɗauko zancen soro ba.

Da muka dawo gida aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, 'yan dubiya suka cika wurin. Sai ga wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon magini, wanda ya jagoranci kwashe ƙasar soron, ya shigo da indararon nan a hannu. Ya buga shi da ƙasa sau biyu, dunƙulen siminti ya faɗo da baƙar leda manne a jikinsa. A unguwarmu gida ɗaya ne aka taɓa sauke buhun siminti, kuma kowa ya san wane gida ne. Na ji idanu sun juyo kaina. Kafin wani ya yi magana wana ya ɗaga kai ya ce shi ya toshe da hannunsa, wai ya ga ruwa yana ɓata wa ƙanensa bango, ya roƙi ɗan siminti ya liƙe, wautarsa ce, a bar zancen. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ɗauki bututun ya fita. Ni kuma na bar gurgu ya ɗauki laifin wanda ya gurgunta shi.

Shekara uku ya yi a kwance. Na rufe butik rabin mako ina noma gonarsa, na ɗauki nauyin yaransa, na gina masa ɗaki. Duk wannan bai rage mini komai ba. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda kafin rana ta fito ya kai gona, sai ga shi yana tambayar masu wucewa ko gero ya fara ciki. In hadari ya taso yakan sa a jawo shi bakin ƙofa, ya zuba wa sama ido. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa, sai ya tambaye ni farashin wake ko lafiyar jaki.

A bazara ta uku ina wanke masa gyambon da kwanciya ta yi masa a baya, na ga yadda ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, sai kuka ya ƙwace mini. Bayansa nake kallo, shi ya sa na iya. Na ce Yaya, ni ne. Bai juyo ba. Ya ce, “Na sani tun ranar da na hau na zura sanda na ji siminti. Da na sa wani ya fasa, da gari duka ya ji abin da ka yi. Shi ya sa na ce kai za ka zo.” Ya ce ya zaci rufin zai kai Juma'a. Ya ce ya yafe mini tun yana ƙarƙashin ƙasa yana jin ana tono, don bai so ya mutu da ni a ransa, kuma kada in kuskura yaransa su ji, kada su tashi ba su da uba ba su da baffa. Sa'an nan ya ce ruwan wankan ya huce, in ƙarasa. Cikin daminar shekarar Allah ya karɓi abinsa.

Ya yafe mini, amma ban san yadda mutum yake yafe wa kansa irin wannan ba. Abin da na koya, da tsada na koye shi. 'Yan'uwana masu karatu, musamman mu da muke zaune bango da bango da dangi, in bazara ta yi ku hau rufinku ku duba, ku cike tsaga, ku buɗe indararo, ku zuba ruwa ku ga inda yake bi, kuma in ruwa ya fara sauka ku sake hawa, kada ku ce ai an duba. In ɗaki ya fara yoyo a marka ku fitar da mai kwanciya a ciki, ko da masassara yake yi. In ruwan maƙwabci yana cutar da ku, ku kira dattawa, ku haƙa masa hanya, ku jira rani, amma kada hannunku ya taɓa mafitar ruwan wani. Bango ana sake masa fenti. Wanda kuma ya riga ya aikata wani abu a ɓoye, aka aiko masa cewa ya zo a gyara, to ya tashi a ranar, ya bar kunya ta yi masa abin da za ta yi. Ni kwana uku cur aka ba ni, kuma daga butik ɗina zuwa ƙofar wana bai fi tafiyar awa guda a moto ba.