Gangar da Ba Ta Zuwa Inuwa

Ranar wata Juma'a da hantsi, cikin daminar 1982, ina raɓe a bayan ajujuwan makarantarmu ta kwana da ke Boɗinga, rungume da ƙullin kayana, ina jiran maigadi ya shagala in tsallake shinge. Na riga na gama shawara: in nemi motar Shagari, daga can in taka zuwa garinmu Horo Birni, boko kuwa na bar wa masu iyawa. Ina ɗaga ƙafa sai na ji ganga. Ba kiɗa ba ne, duka ne, wani ke jibgar ta kamar mai kakkaɓe tsohuwar tabarma. Ni kuwa har yau babu abin da ke tayar mini da hankali kamar a wulaƙanta ganga ina ji. Na ce bari dai in leƙa in ga mai wannan ɗanyen aiki, sannan in kama hanyata.

Mahaifina makaɗin noma ne, haka ma kakana. Na buɗe ido na ga ganguna rataye a zaurenmu, fatun awaki a shanye bisa danga, gida na warin jima. Kafin in iya ɗaure wando na iya riƙe gula, sandar nan mai lanƙwasa da ake kaɗa ganga da ita. Da safe in kai awaki bakin fadama, in ɗebo wa Inna ruwa, da yamma mu yi langa da 'yan unguwa, amma ranar gayya ba mai ganina wurin wasa. Ina bayan Baba da 'yar gangata, muna bin manoma kunya kunya. Kowane manomi da takensa, wato kiɗan da aka san shi da shi. Da Baba ya taɓa taken mutum sai ka ga gashin jikinsa ya tashi, ya yi ihu, galma ta shiga cin ƙasa. Sai dai Baba yana da doka guda da ba ya karyawa. Yakan ce, "Wanda ad da galma ga hannu shi muka yi ma kiɗi. Ko ɗan sarki na, in yaz zamna inuwa, ba mu zuwa." A lokacin ina ganin duk faɗin ƙasar Sakkwato babu mai martabar ubana.

A sakandare ne aka koya mini jin kunyar sana'ar gidanmu. Wani ɗan aji biyar, Siniya Mani, mutumin Lambara, ƙato mai kafaɗu kamar ƙofar zaure, shi ya fara jin labarin, daga ranar kuwa sunana Arzika ya ɓata, na koma "ɗan maroƙa". Idan an raba abinci sai ya kife bokiti a gabana ya ce, "Taho ka wasa ni." Ina durƙushe ina buga bokiti, yana cinye tuwonsa ya haɗa da nawa, abokansa suna ta dariya. Ga shi shekarar ce aka fara tsuke bakin aljihu, nama ya ɓace daga miya, kunun safe ya koma ruwa, aka faɗaɗa gonar makaranta aka raba wa kowa kunyoyinsa. Siniyoyi suka mayar da nasu kan yara, su koma gindin tsamiya suna hira. Ni nake nome nawa in nome na Mani, in na yi jinkiri in sha bel. Yunwa da bulala na iya jurewa. Abin da ya gagare ni shi ne ranar da ya sa na kwaikwayi yadda Baba yake kiɗa, suka yi ta kwasar dariya har da faɗuwa. Na yi kuka mai yawa, na kuma ji na tsani makarantar har cikin raina.

To, da na leƙa tagar ajin da dukan ke fitowa sai ga Malam Tukur, malaminmu na kiɗa da waƙa, ɗalibai sun kewaye shi. Bawan Allah nan ya daɗe yana jiran kayan badujala da gwamnati ta yi alkawari, yana koya mana ƙirga bugu da tafi da ƙwanƙwasa tebur. Da ya gaji da jira sai ya je kasuwa ya samo tsohuwar gangar noma. Mai jibgar ta kuwa ba kowa ba ne, Siniya Mani ne, don komai ya shigo makaranta shi ke fara taɓawa. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Za ka fasa ta!" ba. Kowa ya juyo wajen taga. Malam ya ce, "Wa yay yi magana? Shigo." Na shiga da ƙullina a hammata, Malam ya karɓi gangar da gula daga hannun Mani ya miƙo mini. Na san in na karɓi gular nan, duk makaranta ta tabbatar ni ɗan makaɗa ne. Amma tunda tafiya zan yi, me ya rage? Na rataya gangar, na ja tsarkiya, 'yar igiyar da ke kan fatarta, na saki taken noman garinmu. Wayyo daɗi! Hannuna ya tuna komai. Yara suka fara tafi, masu dafa abinci suka fito da muciya a hannu, Malam Tukur yana dariya yana buga ƙafa. Da na tsaya ya dubi ƙullina, sai ya ajiye shi ƙarƙashin teburinsa, ya ce in zauna in ba shi labarin yadda ake kiɗa a gidanmu. Na ba shi, har da dokar Baba. Na ga idonsa ya yi haske.

Makon da ya biyo baya makaranta ta rikice da murna. Malam ya ce kowane ɗalibi, babba da yaro, zai ƙirƙiro takensa a darasin kiɗa: ka tafa shi, a ƙirga bugunsa, a gyara, sannan 'yan ƙungiyar kiɗa su haddace. Muka yi ƙananan ganguna da gwangwanayen madara da fatar da muka roƙo wurin mahauta, wasu suka feƙe sarewa. Ko'ina ka bi, bakin rijiya, layin abinci, wurin wanki, sai ka ji mutum yana ƙwanƙwasa takensa a kan kwano. Siniyoyin da ba su taɓa sanin sunayenmu ba suka koma lallaɓa mu, kowa na so a riƙe nasa da kyau. Mani ma ya yi nasa, mai nauyi, mai faɗuwa uku a ƙarshe, kuma gaskiya ya yi daɗi. Sannan Malam ya sanar a taron safe, da yardar shugaban makaranta, cewa ranar Asabar ganga za ta fita gona, amma mai noma kunyarsa da hannunsa kaɗai za ta bi, wanda kuma ya doki yaro cikin mako ba za a taɓa takensa ba.

Asabar ta zo, an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Muka fara da 'yan aji ɗaya, muna binsu muna kaɗa wa kowa nasa, suna ihu suna tsere. Siniyoyi na gindin tsamiya suna yi kamar ba su ji ba, amma ƙafafunsu na motsi. Can sai ɗaya ya miƙe ya ƙwace galmarsa daga hannun yaro, muka saki takensa, gona ta ɗauki sowa. Sai na biyu, sai na uku, har inuwa ta rage Mani kaɗai. Ya yafuto ni da hannu. Na je na tsaya daga rana. Ya ce, "Yi min nawa nan." Na ce, "Siniya, ganga ba ta zuwa inuwa. Haka Baba yac ce." Ya miƙe ya kama bel ɗinsa. Sai abokan kiɗana suka tsaya cak, galmomi suka tsaya, gona duka ta juyo tana kallonsa, har da abokansa da laka ta ɓata wa wando. Malam Tukur yana nesa, bai matso ba. Mani ya dubi hagu ya dubi dama, ya yi tsaki, ya cire riga ya jefar, ya nufi kunyarsa.

Jama'a, ashe manomi ne na gaske! Da na saki takensa sai ya yi wata kururuwa ya duƙa, ƙasa na tashi ta bayansa, ina binsa da gudu har numfashina na sarƙewa. Ya kai ƙarshen kunya ya juyo yana haki, gumi na zuba, yana dariya irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce, "Arzika, ƙara!" Ranar ce ya fara kiran sunana. Da yamma na je na ɗauko ƙullina daga ƙarƙashin teburin Malam, na kwance shi, na mayar da kayan cikin akwati. Ba zan ce cin zali ya ƙare ƙaf ba, amma ya ragu sosai, don ba siniyan da ke son Asabar ta zo a tsallake takensa a gaban kowa. Bokiti kuwa ban sake buga wa kowa ba.

Bayan sojoji sun karɓi mulki aka cire kiɗa daga jadawali, aka mayar da Malam Tukur wata makaranta, badujala kuwa har muka gama ba ta iso ba. Yanzu gayya ta yi wuya, maganin feshi ya karɓe noma, 'ya'yana suna jin kiɗa ta waya, kowa da abin toshe kunnensa, ba mai jin na wani. Gangunan Baba suna nan rataye a zaure, fatarsu ta saki. Amma duk ranar da na haɗu da Alhaji Mani a kasuwar Shagari, da furfurarsa da sandarsa, kafin mu gaisa sai ya ƙwanƙwasa takensa a jikin benci, ya tsaya yana jira in ƙarasa masa faɗuwar ƙarshe. Nakan ƙarasa, mu yi dariya. Da na tsallake shingen nan, da har yau ina jin kunyar ubana.