Goron da Na Kai wa Mai Walda

Ban yi boko ba. Haƙar rijiya na koya. Wata rijiya ta rufta da ni a Mawashi, aka tono ni da rai. Daga nan na bar shiga rami, na koma noma a Fakuwa, na ce ɗana na fari sai ya yi karatu.

Yana makarantar koyon sana'a, ɓangaren walda, sai ya zo hutun damina da magana. Wai malamansu sun ce kowa ya nemi wurin aiki ya je ya ga yadda ake yi. Ya yi bayani mai tsawo. Abin da na ɗauka shi ne a kai shi wurin mai sana'a. Wannan kuwa na san yadda ake yi, don ni ma haka aka kai ni.

Na sayi goro. Na ɗauki malamin makarantar allon unguwarmu ya zama shaida. Muka shiga Kankia, rumfar wani mai walda a bakin titi. Na ajiye goron na ce, "Ga yaro na ba ka. Ba zai bar rumfar nan ba sai ka yaye shi da bakinka." Malam ya yi addu'a muka shafa. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, na dube shi, ya rufe.

Ban sake leƙawa ba. A wurinmu, in ka ba da ɗa ba ka zarya.

Gero ya nuna, sai ga yaron a gida.

"Baba, jibi makaranta za ta koma. Wanda bai dawo ba, ba zai rubuta jarrabawar fita ba."

"Wa ya yaye ka?"

"Ai na hutu ne kawai, Baba. Na faɗa maka."

Uwarsa tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ya faɗa maka. Ina wurin. Kana ɗaura wa hauya ƙota."

Washegari na koma wurin mai waldar. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Baba, 'yan makaranta da takarda suke zuwa. Su zauna a benci su danna waya, hutu ya ƙare su tafi. Kai da goro ka zo, har da malam. Da na ga haka na sallami mai riƙe mini ƙarfe, na karɓi aikin ƙofofin shaguna. Yanzu wa zai riƙe mini?"

"To ka yaye shi."

"A kan me? Abin da ya iya biyu ne, riƙe ƙarfe da rufe ido. Gobe ya liƙa wa wani ƙofa ta faɗo, a ce yaron wa?"

Yana da gaskiya. Ni kuma ban taɓa faɗin magana gaban shaida na janye ba. Amma ba a tono ni daga rami don ɗana ya rasa jarrabawa ba.

Na naɗe hannun riga. Na ce, "Hannu biyu na ba ka. Ga wasu."

"Haba Baba, ka haife ni fa."

"Ban tambaye ka ba. Ina ƙarfen?"

Yaron ya koma makaranta. Ni na kai gero rumbu, na shiga rumfa. Ranar farko na tsaya kallon wutar, idona ya kwana biyu yana ruwa kamar an zuba yashi. Daga nan na koyi rufe ido. Mai waldar mutum ne mai tsawa, amma ni ba ya iya yi mini. Sai dai ya cije leɓe ya ce, "Baba, don girman Allah, ɗan matsa hagu." Wani lokaci ya zagaya bayan rumfa ya yi wa janareto faɗa.

Aka gama ƙofofin kafin ruwa ya sauka. Yaron ya rubuta jarrabawarsa ya ci. Da ƙanwarsa ta kai nata lokacin, wurin mai ɗinki, uwarsu ta kai ta da kanta. Ta ce in zauna a gida, ta kuma ɓoye goro.

Da rani har yanzu nakan je rumfar, don ban ji ya sallame ni ba. Bara na tambaye shi yaushe zai yaye ni. Ya duba inda na liƙa, ya ce kamar kashin kaji yake, in ƙara haƙuri.