Allon Malam Zare

Malam Zare muke ce masa, a bayan idonsa dai, don yana da saurin hannu. Shekara talatin ya yi yana koyar da tarihi a firamaren garinmu, inda ta tagar aji shida ake hango shingen iyaka da tutoci biyu. Duk wanda ya leƙa tagar ana darasi, ranƙwashi ne rabonsa.

A bangon ajin akwai faffaɗan allo da ya zana taswira a kai, ya ja jan layi a tsakiya, ya kafa ƙusa kan kowane gari, na nan da na ƙetare. Aikin gida na farko ba ya canzawa.

"Ku je ku tambayi kakanninku inda aka haife su. Wanda ya kawo min 'ban sani ba', jikinsa zai gaya masa."

Washegari kowa ya ɗaura zare daga ƙusar garinmu zuwa ta garin kakarsa. Nawa kore ne, daga zanen innata na warware, na kuwa sha duka. Kafin mu gama makarantar zare ya rufe jan layin ruf. Wani sufeto ya taɓa tambayar ina iyakar take, Malam ya ce, "Tana ƙasa, ranka ya daɗe, sai an tona." Wallahi har yau ina kewar ajin nan.

Shi kaɗai ne ba shi da zare. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka rabu a wani gari mai nisa. Uwar ta koma danginta a ƙetare, uban ya taho da shi nan, ya rasu bai faɗi sunan garinta ba. Shi ya sa duk wanda ya ɗaura zare sai Malam ya sassauta murya: "Ka tambayi kaka, ko ta san wata mai saƙar tabarma, mai tabo a goshi."

Sai da ya yi ritaya, ido ya dushe, sannan wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aikin jinya a ƙetare ta kawo amsa. Shekara tara ke nan da binne mai tabon.

Mu muka kai shi ajin. Ya lalubi ƙusar garinmu ya ɗaura, na ja hannunsa zuwa ta ƙauyen mahaifiyarsa. Zaren bai kai tsawon yatsa ba. Na gaya masa daga tagar ma ana hango bishiyoyin ƙauyen.

Ya juya wajen hasken tagar.

"Ni kuma ina ta hana yara leƙe," ya ce.