Gunvor, Wadda Ta Ƙi Sa Mana Katin Hoto

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyarmu Gunvor Thygesen a nan garin Struer, tana da shekara saba'in da huɗu. 'Yarki Lisbet ce ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, Gunvor, kuma tun kafin ta buɗe baki na gane.

Shekara talatin kika yi a masana'antar rediyo kina haɗa wayoyi. Da kika yi ritaya sai layinmu ya mai da ke makanikensa. Duk abin da ya ƙi kamawa teburin kicin ɗinki ake kai shi. Ladanki kofi ne, shi ma sai kin kushe shi kafin ki shanye. Ina kewar wannan kushen.

Amma abin da ya hana ni sukuni tun ranar Talata shi ne zancen mijina Ejnar. Rabin rayuwarsa direban tirela ne. Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye aka karɓe lasisinsa, sai ɗanmu ya haɗa masa kwamfuta da sitiyari, yana tuƙa tirela a allo. Ita kaɗai ke tayar da shi daga gado. Wata rana hoton ya fara rawa, ya yi zane-zane kore, ya ɗauke. Kika duba kika ce katin da ke fitar da hoto ne ya mutu. Kafin sabo ya iso ta gidan waya, Ejnar ya juya wa duniya baya, ko aski ya daina. Na tsorata, don na ga yana neman sallamawa.

Ranar da katin ya zo na ruga na kira ki. Kika shigo, kika zuba hannu a aljihu.

"Ba ni zan sa ba. Direba, tashi."

"Da wane hannun?" in ji shi.

"Da wanda kake kai cokali baki. Ko shi ma ya yi ritaya?"

Wallahi saura ƙiris in kore ki.

Yamma uku aka yi ana fama. Kullum sai ya fara dafa bututun ɗumama ɗaki, wai kada wutar jikinsa ta ƙona katin. Noti ɗaya ya suɓuce masa ya fi sau biyar, kina zaune kina kurɓar kofi. Sabon katin ya fi gurbinsa tsawo, aka ce sai an yanke wani ƙarfe a cikin akwatin kwamfutar. Nan ma riƙewa kawai kika yi, shi ya ja zarto yana gumi. Rana ta uku katin ya zauna, aka kunna, allo baƙi ƙirin. Ejnar ya saki ashar.

"Zagi ba ya kawo hoto," kika ce. "Wayar allon ka mayar tsohon rami, ka bar sabon kati yana hamma."

Ya canza ta, titi ya bayyana. Ya yi dariyar da na manta yana da ita.

Ni kuwa ban huce ba. Wata guda ina gaishe ki ciki-ciki, ina ganin kin wahalar da marar lafiya. Sai ga shi yana ɓalla maɓallin rigarsa da kansa, sai ga shi ya dogara sanda har bakin titi. Na gane, amma girman kai ya hana ni faɗa miki. Kullum sai in ce gobe.

Jiya a coci Lisbet ta ce masu ɗaukar akwatin gawarki biyar ne, saura ɗaya. Ejnar ya miƙo mini sandarsa, ya zagaya ta damanki, ya kama mariƙin da hannun hagu. Daga gaban bagade har bakin mota yana jan ƙafa, bai nemi a tsaya ba.

Allah ya jiƙanki, Gunvor, ya yafe kurakuranki, ya ba ki hutawa. Lisbet, ke da yaranki da dukan dangi, Allah ya ba ku haƙuri da juriyar rashi. Ke kuma maƙwabciyata, gaskiyarki ce. Ki yafe mini na makara.