Rabin Kofin Surukata

Ko da zan manta komai na zaman aurena a Daura, ba zan taɓa manta lokacin da surukata ta daina karɓar abu daga hannuna ba.

Surukar tawa ba Bahaushiya ba ce. Mahaifin maigidana ya je karatu ƙasar Uzbekistan tun zamanin da ake tura ɗalibai can, ya dawo da digiri da kuma mata. Ta zauna a Daura har Hausa ta kama bakinta, in tana ciniki a kasuwa sai ka rantse jikar masu gari ce, fatar kawai ke tona mata asiri. Mijinta ya rasu kafin a kawo ni, ɗanta kuma, wato maigidana, yana aiki a Fatakwal. Gida ya rage daga ni sai ita.

Wata safiya hawan jini ya kayar da ita a bakin rijiya. Da aka sallamo mu daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, Hausar nan kuma ta tafi kaf. In ta buɗe baki yaren garinsu ne ke fita, wanda duk faɗin masarautar nan ban san mai jin sa ba.

Sai ta ƙi ci, ta ƙi sha. Na dama kunu, na yi farfesu, na dafa shayi tunda na san shi ne abin sonta. Nakan cika kofi fal, in durƙusa in ajiye a gabanta, in fice da sauri, don a tarbiyyar gidanmu ba a tsayawa a kan suruka tana cin abinci. In na dawo sai in tarar ta juya fuska bango tana hawaye, kofin ko taɓa shi ba ta yi ba. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai a kai ta Katsina a zura mata roba ta hanci, kuma bai ba da tabbacin jikinta zai ɗauka ba.

Na kasa zaune na kasa tsaye. In shiga ɗaki in fito, in hura wuta in kashe, abinci na ta hucewa a kwano. Ga dangin miji sun cika gida, kowa da tasa fatawar. Lokacin ruƙiyya ta yi tashe a gari, sai yayar marigayin, wadda muke kira Gwaggo, ta ce, "Ke yarinya, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ba ki ji bakin da take yi ba? Mutanen ɓoye ne. Gobe zan turo malamai."

Na ce, "Gwaggo, yaren iyayenta ne fa."

Ta ce, "Yaren da ta bari tun ba a haife ki ba? To me ya hana ta cin abinci?"

Tsorona kada a taru a kan baiwar Allah ana ta ɗaga murya, ita ba ta san abin da ake ciki ba, tsoro ya ƙarasa ta.

Na zari mayafi na nufi bakin titi wurin masu wayar kuɗi, don lokacin salula ba ta kai hannun kowa ba. Layi na ta yankewa, ni kuma ina ta masifa da mai wayar kamar shi ya riƙe shi. Da ƙyar na samu maigidana, na zayyana masa komai. Sai ya ce, "Shayin nan, cika kofin kike yi?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "To da rabi zan ba mahaifiyarka? Rowa aka ce maka ina yi?"

Ya ce, "Innalillahi. A garinsu in aka cika wa mutum kofi, an ce masa sha ka tafi ke nan. Wanda ake so ya zauna, kaɗan ake zuba masa, a zauna kusa da shi ana ƙara masa. Ke kuma kin cika kin fice. Gani take korar ta ake yi daga gidan."

Ya koya mini ɗan abin da ya rage masa na yaren: "men", wato ni, da "kelin", wato matar ɗa. Ya ce in dafa ƙirji da hannun hagu, in miƙa da dama. Na taho gida ina maimaitawa a hanya kamar mai tilawa, har wani mai babur ya tambaye ni ko lafiya.

Na shiga ɗakin da butar shayi, Gwaggo na zaune. Na zauna daf da surukata a kan tabarma, abin da ban taɓa yi ba. Na tsiyaya ɗan kaɗan, ko rabi bai kai ba. Gwaggo ta ce, "Au, yau kuma tsimi ake yi?" Na miƙa wa surukata kofin da hannun dama. Na dafa ƙirji na ce, "Men kelin." Na san ban faɗa daidai ba, don sai da gefen bakinta mai lafiya ya motsa kamar za ta yi dariya. Ta dube ni, ta dubi kofin, ta daɗe. Sannan ta karɓa ta shanye, ta sake miƙo mini. Na ƙara, ta sake miƙowa. Hawaye na zubo mini ban ko share ba.

Da butar ta kusa ƙarewa, sai ta jawo ta da hannun hagu, ta tsiyaya ɗan kaɗan a kofin ta turo gabana. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gaban suruka ba, na ɗauka na shanye a kan idon Gwaggo. Malaman nan ba a turo su ba.

Hausarta ba ta dawo ba har Allah ya karɓi abarsa, amma ba ta sake juya mini baya ba. Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba. In za ka girmama mutum, fara tambayar abin da shi yake ɗauka girmamawa, don ni da ladabina na kusa kashe matar nan da yunwa.