Tankin Babur Ɗin da Ya Raba Gandunmu

A shekarun da man fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, ni magidanci ne mai 'ya'ya ƙanana, ina zaune a wani ƙauye da gonaki suka kewaye a yankin Ɗambatta. Tun rasuwar mahaifinmu ni da wana muke noma gandu ɗaya, muna ci daga rumbu ɗaya, mahaifiyarmu tana tare da mu. Wata kaka gyaɗa ta yi kyau, sai muka haɗa hannu muka sayi babur na hannu a wurin wani dillali. Dillalin ya rantse mana cewa tankin yana shanye babban galan, kuma idan mai ya ƙare aka murɗa rizab, wato ragowar da ke kwance a ƙasan tanki, zai kai mutum daga kasuwa har ƙofar gida. Muka yarda, ba mu gwada ba. Muka yi alkawari tsakaninmu: kowace ranar kasuwa ɗayanmu zai cika tanki, rizab kuma ba mai taɓa shi, an bar shi don ranar larura.

Ba a daɗe ba muka lura man ba ya kai mu inda muke tsammani. Kafin kasuwa ta zagayo sai babur ya fara tari, a nemi kwalba a wurin 'yan bumburutu a ƙara. Da farko masu gidan mai muka zarga da tauye mudu. Daga baya na fara ganin Yaya yana buɗe tanki da sassafe, yana girgiza babur ɗin yana kasa kunne, kuma in na fito sai ya rufe ya kama wani zancen. Wata rana na tarar da shi yana sansanar tsohon tiyon da nake ban ruwan tumatir da shi. Ni ma zuciyata ba ta tsira ba. In ya ce zai je duba wata gona, sai in bi sawun tayar da ido, ina cewa a raina akwai inda yake zuwa da ba ya faɗa. Matanmu suka ɗauki abin, har gishiri suka daina ara wa juna.

Ana tsakiyar damina ciwon hawan jinin Inna ya tashi da rana tsaka, bakinta ya karkace. Yaya ya hau gaba, muka sa ta a tsakiya, ni ina baya na riƙe ta, muka nufi asibiti. Muna cikin burtali, gero ya rufe mu ta ko'ina, babur ya yi tari ya mutu. Yaya ya sunkuya ya murɗa rizab ya buga, shiru. Ya sake bugawa har gumi ya jiƙe masa riga. Sai ya juyo ya dube ni ta saman kan mahaifiyarmu ya ce, "Ina rizab ɗin?" Na ce, "Yaya, ai kai zan tambaya." Inna tana jin mu, ba ta iya magana, hawaye kawai ke bin kuncinta. A ƙarƙashin wata ɗorawa muka kwantar da ita har Allah Ya kawo wani mai amalanke ya kai mu bakin titi. Ta rayu, amma ɓarin jikinta bai ƙara motsi ba.

Bayan an sallamo ta, Yaya ya faɗa a gaban Baffa, ƙanin mahaifinmu, cewa ni nake zuƙe man ina sayarwa, kuma ba zai ƙara haɗa komai da ni ba. Na rantse, bai saurara ba. Magana ta zaga ƙauye. A masallaci in na tsaya kusa da babur ɗin wani, sai in ga mai shi ya taso. Da aka yi girbi aka raba gandu, aka shuka ciyawar gamba ta zama iyaka a tsakiyar gonar da mahaifinmu ya bar mana a haɗe.

Da aka zo sayar da babur ɗin na ce ba zan yarda ba sai an auna shi a gaban Baffa. Muka juye tankin tas, na kawo galan cike na fara zubawa. Mai ya taso har wuya yana zuba ƙasa, galan kuwa da sauran nauyi a hannuna. Muka kunce makullin man, sai ga ɗan bututun da ke ware rizab an yanke shi tun daga gindi, yankan ma ya yi tsatsa. Ashe babur ɗin ya taɓa haɗari, aka ɗora masa ƙaramin tanki, kuma tun ranar da muka saye shi ba shi da rizab ko ɗigo. Yaya ya daɗe yana juya makullin a tafinsa. Ya ce Allah Ya isa tsakaninsa da dillali, ya tashi ya shiga gida. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nemi ya ba ni ba, domin na san abin da na yi ta ƙullawa a kansa. Muna gaisawa yanzu, muna zama tare a ɗakin Inna, amma kowa da rumbunsa.

Abin da na koya shi ne zargi yana saurin kama na kusa, domin shi kake gani kullum. Mun binciki juna wata da watanni, ba wanda ya binciki ƙarfen. Duk wanda ya sayi babur, ya juye tankinsa ya auna da hannunsa, ya murɗa rizab ranar da kowa yake lafiya ya ga inda zai kai shi. Kada ya bari sai ranar da ya ɗauko mahaifiyarsa.