Gonar Malam Abdulƙarim

Malam Abdulƙarim Labaran ne ya sauya tsarin koyar da noma a ƙasar Faskari baki ɗaya. Haka dai ya faɗa wa matarsa a shekarar 1976, ranar da ya dawo daga kwas na mako biyu da sabuwar manhaja a hammata.

Manhajar ta ce ba a koyon noma a kan allo, sai ɗalibi ya shuka, ya nome, ya girbe da hannunsa. Malam ya yarda da wannan har zuciya. Sai dai manhajar ba ta faɗi wanda zai yi noman ba idan ɗalibai ba sa nan, ga shi dogon hutu yana farawa a watan Yuli, daidai lokacin da ciyawa ke tasowa.

Iyaye ma suna da tasu falsafar. Baba Mani, mai jikoki uku a makarantar da Malam yake koyarwa, ya tare shi a hanyar Tafoki.

"Malam, mun kawo maku ɗiya don su huta da hauya, su samu ofis a Kaduna, kai kuma ka miƙa masu ita?"

"Baba, wannan noman kimiyya ne."

"To, Allah ya ba kimiyya damina mai albarka."

Kowace shekara ɗalibai su ja igiya, su shuka dawa a layi, su tafi hutu gonakin iyayensu. Malam ya yi noman fari shi kaɗai, ya yi maimai, ya yi huɗa. Tasa gonar ta gado ya bar wa ƙanensa. Abu ɗaya yake jira: sufeton makarantu ya zo ya ga dawar a tsaye, ya rubuta cewa tsarin yana aiki, ko ya samu bakin amsa wa su Baba Mani. Duk damina sai ya aika wa sufeto takarda. Duk damina rafi ya cika, mota ba ta ƙetarewa.

A shekara ta biyar, bayansa ya fara ciwo, sufeto kuma ya iso, cikin watan Fabrairu. Ya tarar da fili fetal, awaki suna kiwo. Malam ya kai shi rumbu, ya nuna masa dammunan dawa.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," in ji sufeto. "Amma fam ɗin nan da aka ba ni in cike gona ya tambaya, ba rumbu ba."

A gurbin gonar makaranta ya rubuta: babu.